Gwanjon Motocin Da Kwastan Suka Kama

A ran 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. Motar da aka kama a hanyar Jibiya ko Illela, idan kotu ta mallaka wa Gwamnati ita, ta zama dukiyar jama'a ke nan. A watan Yuli na shekarar 2017 Hukumar Kwastan ta soma yin gwanjonsu ta intanet, don kada a riƙa raba wa 'yan uwa da abokai a ɓoye. Wannan abin yabo ne.

Amma fa lissafi ya rage. Ba ya isa a ce gwanjo ya kawo miliyan kaza. Kowane malamin Baitulmali ya san Ma'aji ba ya karɓar jimla sai ya ga rasit na kowane kwabo. To, me ya hana a buga wa jama'a kowace mota, da ranar kamu, da farashin da aka yi mata, da nawa aka saya, da ranar da kuɗin suka shiga asusun Gwamnati? Ranar kamun nan ita ce za ta nuna damina nawa motar ta sha a fili kafin a sayar da ita da kuɗin tsohon ƙarfe.