Shawara Ga Mai Son Sayen Zarton Inji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi wa 'yan'uwa magana a kan zarton nan mai inji wanda ake sare itace da shi. Gama kowace shekara, in iskar farkon damina ta kakkarya rassan darbejiya a nan Kabara, sai ka ji magidanta suna shawarar sayensa, kuma kowa babba yake hange.

Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, sa'an nan mai shan fetur a 1929. Domin masu aikin daji aka yi shi, waɗanda ke tayar da shi kullum. Mu kuwa a cikin birni, bishiya ɗaya ce ko biyu a tsakar gida, aikin kuma bai wuce sau biyu a shekara ba. To, a nan zancen yake.

Mai shan fetur ya fi ƙarfi, amma zama shi ke kashe shi. Ba ya shan fetur tsantsa, sai an gauraya da man nan na 2T da masu babur suka sani. Kamfanin Stihl ya ce mililita 100 a cikin lita 5, waɗansu masu araha kuwa suna bukatar ninkin haka. In gaurayen ya wuce wata guda a cikin tanki sai ya lalace, ya toshe kafireto. Ranar da reshe ya faɗo maka, ka yi ta jan igiya har gumi ya jiƙa ka, inji ko tari. Wanda ya nace sai shi, to, bayan kowane aiki ya juye man, ya bar injin yana yi har ya mutu da kansa.

Mai igiyar lantarki ya fi araha, sai dai yana cin wuta wajen wat 1,800, ƙaramin janareton gida ba zai ɗauke shi ba. Ni a ganina mai batir shi ne na mai gida, balle wanda ya sa sola. Ba gauraya, ba jan igiya, ba kuma ƙarar da za ta tayar da unguwa. Amma a tabbata ana samun batirinsa da sarƙarsa a kasuwar Sabon Gari, kada kuma a ajiye batirin a rana lokacin bazara.

Ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, inci 12 ko 14 ya isa. Dogo nauyi ne kawai da haɗari. Kadan bakinsa na sama ya taɓa itace, sai zarton ya zaburo wajen fuskar mai riƙo kafin ƙiftawar ido. Saboda haka kada a sayi marar birkin sarƙa, a kuma sa mai kanti ya gwada birkin a gabanka. A lura, akwai jabu da ake buga wa sunan Stihl ko Husqvarna, arahar da ta yi yawa ita ke tona su. A haɗa da man sarƙa da magagari daidai haƙoransa, gama itacen cikin gida ba ya rasa ƙurar hunturu da ƙusoshin igiyar shanya, ƙusa ɗaya kuwa ta isa ta dakushe sarƙa.

Saura babban abu. Lungunanmu matsattsu ne, katanga na jingine da katanga, wayoyin wuta a bisa, yara a ƙasa. Bishiyar da ta karkata kan soron maƙwabci ba aikin akawu ko malamin makaranta ba ne, kome kyawun zartonsa, kuma ba a hawa tsani da shi. A gaya wa mai unguwa da maƙwabta, a nemo masu sana'ar, su daddatse ta daga sama da igiya. Wanda bai san inda zai same su ba, ya yi tambaya wurin 'yan katako a Na'ibawa. Reshen da bai fi kaurin dantse ba kuwa, adda da gatarin maƙeran Kurmi sun ishe shi.

Ni ne naku,
Akawu, Kabara, Kano.