Mun Bar Wa Ɓarayin Daji Sunan, Mun Bar Wa 'Yan Gwangwan Bindigar



Maganar wannan makon ba mai daɗi ba ce, kuma ba zan shafa mata zuma ba. Ku tambayi kowane yaro ɗan shekara goma sha biyar a Rano ko Kibiya, su wane ne 'yan bindiga? Zai ce muku ɓarayin daji ne masu satar mutane don karɓar kuɗin fansa. Ku yi wa kakansa wannan tambayar. Zai ce muku su ne mutanen Sarki da ke shiga gaba ranar hawan Sallah, su ɗura albarushi su saki, ƙasa ta amsa, hayaƙi ya turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa. Kalma ɗaya ce, amma a tsakanin jika da kaka an sace mata ma'ana, kuma a gabanmu aka yi satar, mu da muke kiran kanmu masu gadin harshe.

Ba sunan kaɗai ya tafi ba. Ita ma bindigar tana bin sahunsa. Tsofaffin bindigogin toka masu harbi ɗaya, waɗanda wasu ke kira harba-ka-ruga, suna ƙarewa a gidajen maharba da na gadon sarauta. Tsoho zai rasu, magada su raba gona da awaki, bindiga kuwa a jingine ta a bayan rumbu. Gara ta cinye icen, tsatsa ta cinye ƙarfen. Wata rana ɗan gwangwan ya biyo layi da kurarsa, a ɗora ta a sikeli tare da fasasshiyar tukunya da tsohuwar garma. Wadda ta yi sa'a kuma dillalin kayan tarihi ya saye ta da kuɗin cefanen kwana biyu, ta ɓace ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na ɗora laifi a kan magada, na ɗora a kan hukuma, amma kaso mafi tsoka namu ne marubuta, domin mu ne ba mu taɓa gaya wa kowa cewa abin yana da daraja ba.

Ni ba farfesa ba ne, difloma gare ni. Amma abin da zan kawo yana cikin littattafan da kowa zai iya nema. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Ya kuma nuna cewa Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Ku lissafa da kanku. Shekara ɗari biyu da hamsin ke nan wannan suna yana nufin amintattun fada, sai a 'yan shekarun nan muka sallama shi ga masu ƙona ƙauyuka. Kafin Kano ma, Mai Idris Alooma na Borno ya yi amfani da 'yan bindigar Turkawa a ƙarni na 16. Su kansu kalmomin matafiya ne: bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci suka shigo mana. Marubucin da ya san wannan ya san cewa kakanninsa ba a ƙuryar duniya suka zauna ba.

Ita bindigar da ake ɗura wa ta baki, Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmark, saboda fataken ƙasar da ke da sansanin ciniki a gaɓar Ankara ta Gana. Amma akasarin waɗanda suka shigo Afirka ta Yamma a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su. Daga baya maƙeranmu suka koyi gyaransu, har suka koma ƙera nasu. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka taƙaita sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, suka bar ƙofa a buɗe ga tsohon yayi mai ƙyastu. Shekara goma sha uku bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu 1903, Kanar Morland ya tsaya a bakin ganuwar Kano da sojojin da ba su kai dubu ba, amma da igwa da bindiga mai ruwan harsashi. A kan hanyarsa ya fasa Bebeji, nan kusa da mu. Mai harbi ɗaya ya tsaya ɗuri, ɗaya ɓangaren kuwa ruwan wuta yake yi ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ya riƙe tsohuwar bindigar toka a hannunsa, ya ga tsawon lokacin da ɗuri ɗaya yake ci, ya fahimci faɗuwar Kano fiye da wanda ya haddace shafi goma. Gani ya kori ji.

Mu na kudu ma muna da namu kason. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne, inda mayaƙan Ningi suka yi ta kawo farmaki. Sannan ga Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda Yusufawa suka taso da ita daga Takai. Sarkin da ya fito daga cikinta, Alu, laƙabinsa Mai Sango, kuma ƙamusun Hausa sun fassara sango da mashin harbin giwa. A cikinmu mutum nawa ne suka taɓa sa wannan kalma a jimla? Wane littafi muka rubuta a kan uwar da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe a Rurum ko Tarai saboda jin labarin Ningawa sun taso? Jarumanmu kullum suna Dubai, suna fitowa daga mota mai baƙin gilashi da ƙaramar bindiga a ƙugu, wadda marubucin bai taɓa gani ba sai a fim ɗin Indiya. Maharbi kuwa in ya samu shiga labari, to ko boka ne ko abin dariya.

Yanzu ga batun daraja. A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin bindigogi masu harbi ɗaya, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Abu huɗu suke dubawa: wanda ya ƙera, yadda ta tsira daga lalacewa, ƙarancin irinta, da kuma asalinta, wato hannun wa da wa ta bi. Na farkon a jikin ƙarfe ake karanta shi. Birmingham tana da gidan gwajin bindiga tun 1813, kuma wadda ta ci gwaji ana buga mata hatimi. Ta Liège takan zo da haruffan ELG a cikin ɗan zobe. Na huɗun kuwa ba a jikin ƙarfe yake ba, a bakin mutane yake. Bindigogi biyu iri ɗaya, wadda aka san ta wane ce da inda ta je ta fi wadda ba a san komai a kanta ba nesa ba kusa ba. To mu a nan ƙarfen ne kawai muke sayarwa. Labarin, wanda shi ne tsadar, muna binne shi tare da tsohon da ya san shi. Dillali ya tafi da gangar jiki, rai ya bi mai shi kushewa, kowa ya yi asara.

Kuma ku lura, ƙarancin namu ya fi nasu tsanani. Bindigar masana'anta, kamar mai baki ɗaya ƙirar Baikal ta Rasha da mafarauta suka sani, dubbai aka buga iri ɗaya, in wannan ta lalace akwai 'yar'uwarta. Wadda maƙerin ƙauye ya yi da hannunsa, ya naɗe ta da fata, mai ita ya ɗaura mata laya da wuri, ba ta da ta biyu a duniya. Ranar da ta shiga tukunyar narka ƙarfe, ta tafi ke nan.

Na san abin da wasunku za su ce. Na farko: ƙasa tana cikin wannan hali, ana kashe mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato, kai kuma kana yi wa bindiga kirari? Amsata ita ce, shirunmu bai hana ko harbi ɗaya ba, amma jahilcin da shirun ya haifa ya ci rayuka. A ƙarshen watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Jihar Kano da ke dawowa gida yin Sallah. Aka ga bindigogin toka a tare da su, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe goma sha shida. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure, maƙwabtanmu na jini da tsoka. Allah Ya jiƙansu. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, babu wani uzuri. Amma ku tambayi kanku: a duk faɗin Najeriya, wane labari, wane fim, wace maƙala ta taɓa nuna wa mutumin Kudu cewa akwai wata tsohuwar sana'a mai suna farauta, mai shugabanni da ƙa'idoji, mai tafiyar rani, kuma kayan aikinta daban yake da na ɗan ta'adda? Wanda bai ba da labarin kansa ba, maƙiyinsa zai ba da shi a madadinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na biyu zai ce: talauci ake, mutum ya sayar da kayan gadonsa ina ruwanka? Ba na raina yunwar kowa. Amma kuɗin kilo biyu na ƙarfe ba ya fitar da gida daga talauci, kwana ɗaya ne ya ƙare. Sannan akwai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918, da waɗanda aka yi amfani da su a bukukuwan gargajiya, cikin kayan tarihi, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Mutanen Benin an kwashe musu kayan fada da ƙarfin soja a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara mayar da nata kason, bayan shekara ɗari da ashirin da biyar ana jiran wannan rana. Su ƙwace aka yi musu. Mu da hannunmu muke miƙawa, har da godiya. Gobe wa za mu kai ƙara?

Na uku shi ne mai zumuɗi, wanda zai gama karanta wannan ya ce bari ya fara tara bindigogi a ɗakinsa. Kul! Ba abin da nake kira gare shi ke nan ba. Dokar Makamai ta 1959 ta ambaci bindigar da ake ɗura wa ta baki a rukuninta na musamman, ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha iko a kan lasisinta, ita kuwa mai baki ɗaya ta harsashi sai da lasisin Sufeto Janar. Tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga doka. Kuma tsohuwar bindiga tana iya shekara da shekaru da ɗuri a cikinta ba wanda ya sani, don haka ba abin wasan yara ba ce, ba kuma abin ɗaukar hoto ana nuna wa aboki ba. Tarin da ya dace da marubuci a takarda yake.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar tallafin kowa. Kowannenmu ya nemi dattijo ɗaya a garinsu, Sarkin Baka ko Sarkin Maƙera ko wani tsohon ɗan bindigar fada. A je da ladabi, a durƙusa a gaida shi, a nemi izini kafin a kunna rikoda ko a ɗauki hoto. A tambaye shi: Baba, wa ya ƙera ta? A wane gari? Hannun wa ta bi kafin ta zo naka? Mene ne sunan kowane sashe nata, daga kunama har baki? Da wane suna kuke bambanta wannan da waccan? Wane daji ta shiga, Falgore ko wani? Wane hawa ta yi? A rubuta yadda ya faɗa, da karin harshensa, kada a gyara masa Hausa. A sa rana da wuri. Sirrin haɗa albarushi ba namu ba ne, kada a tambaya, kada a wallafa. Kuma kada a bayyana gidan da bindiga take, don kada mu zama 'yan rahoton ɓarayi da dillalai. In mutum ashirin suka yi haka, kafin Sallah mai zuwa muna da kundin da babu irinsa a kowane ɗakin karatu.

Ga masarauta kuma, da girmamawa. Tun 2024 Masarautar Rano ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. A watan Disamba na wannan shekarar ce UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, kuma kowa ya san hawa ba ya cika sai da ƙarar 'yan bindiga. Kano tana da Gidan Makama. Me zai hana fadar Autan Bawo ta ware ɗaki ɗaya, da sanin 'yan sanda da hukumar gidajen tarihi, inda iyalin da ba za su iya riƙe bindigar kakansu ba za su kai ta ajiya, a sauke ɗurinta, a rubuta sunan gidan a ƙarƙashinta? Yaron makaranta ya zo ya gani, ya san kakansa ya tsare gari, ba fasa gari ya yi ba.

Mu kuma, tun daga yau, mu gyara alƙalaminmu. Mai satar mutane ɓarawon daji ne, ɗan fashi ne, ɗan ta'adda ne. Harshenmu bai rasa sunan da zai kira shi ba. Kafafen labarai sun riga sun saba, na sani, amma sabo ba wahayi ba ne, marubuta ne suka kafa shi, marubuta kuma za su iya kwance shi. Wanda yake ganin na yi kuskure, ya kawo hujjarsa, a shirye nake in saurara. Wanda kuma ya yarda, kada ya tsaya a "Allah Ya ƙara basira". Ya ɗauki biro da littafi ya tafi wurin tsohon tun yana da rai, domin ɗan gwangwan ba ya jiran mu gama muhawara.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.