Tsiron da Ba Ya Bukatar Ƙasa

Daga cikin al'ajaban halittar Ubangiji akwai wani tsiro mai suna Tillandsia, ɗan dangin abarba, wanda asalinsa daga Meziko ne da Kudancin Amurka, wanda kuma ba ya bukatar ƙasa ko kaɗan, domin da ganyensa yake shan ruwa, saiwarsa kuwa ba ta da aiki sai riƙe reshe. Ya saɓa wa kauci, mai tsotse itacen da ya hau.

A ra'ayina, magidancin Ƙofar Dundaye a Sakkwato, inda gidaje suka matsi juna har fili ya yi wuya, yana iya rainonsa, amma bisa sharaɗi, domin zafin bazarar Sakkwato, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da bushewar hunturu, za su halaka shi muddin aka gaskata masu da'awar cewa iska kaɗai ta wadatar da shi. Wajibi ne a rataye shi a inuwar rumfa kusa da randa, a tsoma shi cikin ruwa, na sama ya fi, kimanin rabin sa'a sau biyu a mako, sa'an nan a kife shi ya tsane, saboda ruwan da ya kwanta a gindinsa ruɓar da shi yake yi.