Aikin mishan ba mai riƙe da makirfo kaɗai ke yin shi ba

'Yan uwa, in ana zancen aikin mishan a ƙasar nan, sunan wa muke kira? Na likitan da ya zo daga Amurka, ko na faston da ke wa'azi ran Lahadi. Su ne a hoto, su ne a rahoton da ake aika wa masu tallafi. Sauran ma'aikata kuwa shiru. Ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ko da a nan ba kuɗin ake kwashewa ba, yabo ne.

Mu dubi asibitin Galmi da ke kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, wadda mishan SIM ta buɗe a 1950. Marasa lafiya na zuwa daga jihar Tawa, daga Maraɗi, har daga Najeriya, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Likita ke yin tiyata, gaskiya ne. To amma wa ya dafa kayan aikin don kashe ƙwayoyin cuta? Wa ya wanke zannuwan gado? Wa ya tashi da tsakar dare ya tada injin wuta da aka ɗauke? Wa ya tsaya tsakanin baƙon likita da tsohuwar da ba ta jin komi sai Hausa ko Buzanci? In tafinta ya kuskure kalma guda, magani na iya zama guba. Haka yake a Danja kusa da Maraɗi, inda aka daɗe ana jinyar masu cutar kuturta. Hannun da ke wanke gyambo kullum safiya ba shi da suna a takarda.

Ko zancen sassabin zamani. Duniya ta san Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya da ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi a 1983, kuma ya cancanci yabo. Amma manoma ne suka yarda su bar kututture ya tofo a gonakinsu, lokacin da maƙwabta ke musu dariya. Da ba su yarda ba, da babu itacen da muke alfahari da su yau.

Littafi Mai Tsarki kansa bai manta da irin waɗannan mutane ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, an zaɓi mutum bakwai musamman don rabon abinci ga gwauraye, kuma an jera sunayensu. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, Tartiyas ne ya riƙe alƙalami ya rubuta ta. Dokas kuwa ɗinki take yi wa mabukata, an kuma ba ta wuri a cikin littafin. Mu ne muka koyi raina abin da Littafin ya girmama.

Wannan raini yana da tsada fa. Yaranmu sun ga inda ake tafa hannu, shi ya sa kowa ke son mawaƙa ko mimbari, ba mai son riƙe littafin kuɗi ko gyaran famfo. Ga shi kuma matsalar tsaro ta sa zaman baƙi a karkara ya yi wuya. Duk ranar da baƙo ya haɗa kayansa, mai gadi da direba da mai jinya ne za su riƙe gidan.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin asibitoci. A biya ƙananan ma'aikata a kan lokaci, kada a ce musu "aikin Allah ne" alhali gero ya ƙare a gida. A yi musu rajista a CNSS don tsufa ya same su da abin riƙewa. A tura matasa koyon lissafi, gyaran injin da aikin jinya kamar yadda ake tura su makarantar Littafi Mai Tsarki. A zauna da tsofaffin kuku da tafinta, da iyayenmu na zumuntar mata da suka yi shekaru suna girkin taro, a rubuta labarinsu tun suna raye.

Ran Lahadi mai zuwa, bayan mun gaida fasto, mu nemi wanda ya share ɗakin sujada tun da asuba, mu ce masa sannu da aiki.