Mun Sha Rihla A Jami'a, Ina Rabon Iyalanmu?

  

Duk inda tsofaffin ɗaliban jami'a suka haɗu, ko a wajen ɗaurin aure ko a gaisuwar Sallah, da wuya a tashi ba a koma ga hirar makaranta ba. Mu da muka yi karatun addinin Musulunci a Jami'ar Bayero ta Kano tsakanin 2010 da 2015 ba a bar mu a baya ba a wannan fage. Abin lura kuwa shi ne, ba a cika tuna jarrabawa ba, ba a kuma cika tuna darasin Usulul Fiƙhu na sassafe ba, alhali kuwa su ne suka kai mu can. Abin da ke sa fuskoki su saki shi ne tukunyar garau-garau wadda mutum shida suke haɗa kuɗinta a ɗora bisa risho ɗaya, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli na ƙarshen zango sa'ad da aljihu ya bushe, da turereniyar shiga motar da ke jigila tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa ta hanyar Gwarzo, da muraja'a a masallaci bayan Asuba. Sama da waɗannan duka, ana tuna fita, wadda muke kira rihla kamar yadda malamanmu suke kiranta.

Rihlarmu ba ta taɓa cin kuɗi masu yawa ba. Akan yi karo-karo a ɗauki hayar mota, a sayi gurasa da ruwa, a kama hanya. Wanda ya hau Dutsen Dala da hantsi tare da abokan karatunsa, ya tsaya yana haki yana kallon tsohon birni shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ga Goron Dutse can, ga ragowar ganuwa tana ɓullowa tana ɓacewa a tsakanin gidaje, ba zai sake karanta tarihin Kano kamar yadda yake karanta shi a da ba. A aji mun ji cewa Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili ya sauka a Kano har ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki. Amma sai da muka shiga Gidan Makama, muka taɓa kaurin bangonsa, muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan lokacin da Turawa suka ci birnin a 1903, sa'an nan labarin ya zauna mana. Ranar da muka je madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, akwai daga cikinmu wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarsu girma ba. Ya tsaya shiru tsawon lokaci, babu wanda ya yi masa magana. A nan bakin ruwa muka yi sallar Azahar, kuma har yau ana tuna wanda ya yi limanci.

Kada mai karatu ya zaci zamanin kwanciyar hankali ne. A cikin waɗannan shekaru ne aka kai wa Kano harin 20 ga Janairu, 2012, aka cika gari da shingayen bincike, aka hana acaɓa a farkon 2013, sa'an nan yajin aikin malaman jami'o'i na wannan shekara ya zaunar da mu a gida kusan wata shida. Duk da haka mun sami hanyar fita, domin mun so.

To, ga inda maganarmu ta dosa. Waɗannan samari na jiya su ne magidantan yau. Wasu limamai ne, wasu malaman Islamiyya, wasu ma'aikata, wasu 'yan kasuwa. Ka tambayi da yawa daga cikinsu yaushe rabon da su fita da iyalinsu ba don asibiti ba, ba don biki ba, ba don ta'aziyya ba, za ka ga an yi dariya an sauya zance. Yaro ɗan shekara goma, haifaffen Kano, bai san Dala ba sai ta tagar a-daidaita-sahu, alhali mahaifinsa yana iya kwashe awa guda yana ba abokansa labarin ranar da ya hau shi. Uban yana da majalisa daga Magariba zuwa goma na dare, yana da taron tsofaffin ɗalibai, yana da tafiyar wa'azi zuwa wata jiha. Duk abin da ya sa zaman jami'a ya yi masa daɗi, wato abokan tafiya, da cin abinci a kwano ɗaya, da ganin sabon wuri tare, ya ci gaba da samunsa a waje. Mutanen gida ne kawai ba a sa su a lissafi ba.

Da a ce wannan sakaci ne kurum, da sai mu yi tunatarwa mu wuce. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, wasu sun lulluɓe shi da rigar addini. Sun ɗauka cewa fita da iyali shan iska ɗabi'ar Turawa ce ko ta 'yan boko, kuma mai kishin Sunna bai kamata a gan shi yana riƙe da hannun 'yarsa a gaban kejin jimina ba. Muna tambaya: a wane littafi aka karanta wannan? Abin da muka karanta, mu da su a aji ɗaya, shi ne cewa Manzon Allah (S.A.W.) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a a tsakanin matansa, wadda ta faɗa a kanta ya tafi da ita, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Mun karanta cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha (R.A.) a wata tafiya ta tsere masa, bayan shekaru kuma da ta yi jiki suka sake ya tsere mata, yana dariya yana tuna mata na farko. Mun karanta cewa ya tsaya ya kāre ta da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji. Mun karanta labarin Hanzala (R.A.), wanda ya ji tsoron munafunci ya kama shi don kawai yana komawa gida ya shagala da mata da 'ya'ya bayan ya bar majalisin Annabi, aka kuwa kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa. Haka nan Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i cewa iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. Waɗannan ba hadisai ba ne ɓoyayyu. A kansu aka yi mana jarrabawa.

Hujjar da ta fi nauyi a bakin 'yan'uwa ita ce cakuɗuwar maza da mata, kuma ba mu raina ta ba. Duk wanda ya leƙa gidan zu na Audu Baƙo a kwana na biyu ko na uku bayan Sallah ya ga cunkoso, da kiɗa, da samari da 'yan mata cikin shigar da ba ta dace ba, ya san cewa ba wurin kai mutuncin gida ba ne a wannan rana. Sai dai gidan zu bai san Sallah kawai ba. Tun da aka buɗe shi a farkon shekarun 1970 yana nan a buɗe sauran ranakun shekara, kuma wanda ya je da safiyar wata Asabar a tsakiyar zangon karatu zai iske bishiyoyi da inuwa da mutane ƙalilan. A cikin ruwayar tseren nan da muka ambata akwai wani ɗan bayani da ake yawan tsallakewa: kafin su yi tseren, sai da Annabi (S.A.W.) ya umarci sahabbai su yi gaba. Wato ya nema wa iyalinsa fili da sutura, sa'an nan ya yi wasan. Wannan aiki ne na maigida, ya zaɓi rana, ya zaɓi sa'a, ya zaɓi wuri, ya san inda za a yi alwala da salla. Wanda ya ce ba zai fita ba gaba ɗaya domin akwai munkari a wani wuri a wata rana, a ganinmu ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙi ne, ya sa masa suna tsantseni.

Kuma ƙin fitar ba ya hana yaran zuwa. Ranar Sallah ɗin da uban yake gudu, ita ce ranar da 'ya'yansa suke tara barka-da-salla su tafi su kaɗai, cikin wancan cunkoson, ba babba ko ɗaya tare da su. Waɗanda suka rage a gida kuma wayar uwarsu tana hannunsu, tana kai su wuraren da suka fi gidan zu nisa. Yaro zai ga duniya ko ta halin ƙaƙa. Abin da ke hannun uba shi ne ya kasance a gefensa lokacin da ya fara ganinta.

Batun kuɗi da tsaro gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma bayan harin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, da abin da ake ji a hanyoyin Zamfara da wasu sassan Katsina, babu mai hankalin da zai zargi wanda ya ƙi doguwar tafiya da ƙananan yara. Mai hali ya kai su Yankari su shiga ruwan ɗumi na Wikki, Allah Ya ƙara masa. Amma ba Yankari muka je ba sa'ad da muke ɗalibai, kuma ba mu fi yanzu kuɗi ba a lokacin. Marinar Ƙofar Mata tana cikin gari. Mutumin Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Daura yana da rijiyar Kusugu, na Zariya yana da Kufena, kuma kowa yana da gonar wani ɗan'uwa a ƙauye inda yaro zai ga yadda gero yake fitar da kai da yadda ake tatsar saniya. Tuwon da za a ci a gida shi ne za a zuba a kula a tafi da shi.

Akwai wadda muka fi jin nauyin maganarta a wannan al'amari, ita ce uwargida. Da yawa daga cikin matan 'yan'uwanmu sun zauna a irin azuzuwan da muka zauna, wasu ma sun fi mazajensu maki a Nahawu. Su ma suna da tasu tukunyar, da tasu rihlar, da ƙawayen da aure ya warwatsa zuwa garuruwa. Maigida yana sabunta nasa zumuncin duk mako, ita kuwa nata ya tsaya a ranar da aka kai ta ɗaki. Ba muna kira ga mace ta riƙa yawo ba tare da muharrami ba. Muna cewa muharramin nan shi ne kai, kuma idan shari'a ta ɗora maka rakiya, to ba ta ɗora maka don ka zama ƙofar da ba ta buɗuwa ba. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya san hukuncin adalci, ya kuma san ƙuri'a.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da muke da su suna iya ɗaukar wannan nauyi cikin sauƙi. Kuɗin da ake tarawa don kama zaure da abincin taron shekara ya isa hayar motoci biyu, ɗaya ta mata da ƙananan yara, ɗaya ta maza da samari, a nufi Tiga ko wata gona a bayan gari, a shimfiɗa tabarmi nesa da juna, a sa wanda ya fi sanin tarihin wurin ya yi wa yara bayani na minti goma sha biyar kada ya wuce haka. Makarantunmu na Islamiyya ma suna iya sa fita ɗaya a kowane zango a cikin tsarinsu, da sharaɗin kowane uba ya zo da kansa, kada ya aiko da kuɗin mota a hannun yaro. Hutun ƙarshen shekara yana zuwa a lokacin sanyi, rana ba ta da zafi, hawan Dala ba zai gagari ɗan shekara bakwai ba.