Ba Kowane Takunkumi Ne Ke Kare Huhun Ma'aikaci Ba

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe birnin Yamai, kasuwar masu tallar takunkumi takan buɗe a ƙofofin Babbar Kasuwa. Shuɗi ne na asibiti ko na yadi da teloli ke ɗinkawa, ana sayar da shi da araha. Mai babur ya saya, ɗan dako ya saya, matar da ta zo cefane ta saya. Babu laifi a nan. Matsalar ita ce irin wannan takunkumin ne ake gani a fuskar mai fentin mota, da mai yankan tayil, da mai walda, da yaron da ke ɗura maganin ƙwari daga jarka zuwa ƙananan kwalabe. Kowannensu yana ganin ya kare kansa, alhali gubar tana wucewa zuwa huhunsa.

Tun lokacin annobar korona, wadda ta ɓulla a Nijar a watan Maris na 2020, jama'a suka saba da rufe baki da hanci. Sai dai sabon ya bar ruɗani, domin mutane da yawa sun ɗauka takunkumi duk ɗaya ne. Na asibiti an yi shi ne don tare yawu da feshin tari ko atishawa. Ba ya manne wa fuska, iska tana shiga ta gefen kumatu da saman hanci. Rawani da ƙyalle kuwa sukan rage babbar ƙura da ido ke gani, amma ƙananan ƙwayoyin da suka fi illa, waɗanda ke kaiwa can cikin huhu, ratsa su suke yi.

Takunkumin aiki kala biyu ne, kuma kowanne da inda yake amfani. Na farko shi ne na ƙura, wanda ake rubuta wa N95 bisa ma'aunin Amurka, ko FFP2 da FFP3 bisa ma'aunin Turai. N95 yana tare aƙalla kaso 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura, FFP2 kaso 94, FFP3 kuma kaso 99. Shi ya dace da kafinta, da mai injin niƙa, da mai sauke siminti, da mai fasa dutse. Amma ba ya tare tururin sinadari ko kaɗan. Mai fenti da ke shaƙar tina, da mai feshin maganin ƙwari, abin da suke buƙata shi ne na biyu, wato takunkumin roba mai gwangwanayen tacewa da ke ɗauke da gawayi na musamman. A ma'aunin Turai launi ne ke bambanta gwangwanayen: ruwan ƙasa na tururin fenti da dangoginsa, toka-toka na iskar kulorin da makamantanta, kore na amoniya, fari na ƙura. Gwangwanin yana ƙarewa kamar batir. Duk lokacin da mai aiki ya fara jin warin sinadari a cikin takunkumi, gwangwanin ya riga ya gama aiki.

Wannan bayani ba mai wuya ba ne, amma da wuya a same shi a wurin saye. Rubutun da ke jikin kwalin da Faransanci yake, ko Turanci, ko Sinanci. Mai sayarwa bai samu wanda ya koya masa ba, mai saye kuma farashi yake tambaya. Ga kuma jabu, wanda aka buga masa tambarin N95 alhali ba a taɓa gwada shi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan harka illar araha ta wuce rashin ado, domin mutumin da ya yarda yana da kariya ya fi daɗewa a cikin ƙura da hayaƙi fiye da wanda ya san bakinsa a buɗe yake.

Abin da ake magana a kai rayuka ne. Rahoton haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa mutum miliyan 1.9 ne suka mutu a 2016 sanadin cututtuka da haɗurran da suka shafi aiki, kuma kimanin 450,000 daga cikinsu shaƙar ƙura da hayaƙi da gurɓatacciyar iska ce ta yi ajalinsu. Ƙurar dutse da yashi tana haddasa cutar silikosis, wadda ke sandarar da huhu sannu a hankali. Ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Masu haƙar zinariya a Komabangou da Djado suna cikin wannan haɗari, haka ma magina da masu yankan tayil a unguwannin Yamai. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400, saboda ana daka dutsen a cikin gidaje.

Cutar huhu ba ta zuwa da ƙara. Gobarar da ta cinye Babbar Kasuwa a 1982 kowa ya gan ta, shi ya sa aka tashi tsaye aka sake gina kasuwar a zamanin Janar Seyni Kountché. Amma maƙerin da ya shafe shekara ashirin yana narka sanholo a kasuwar Katako, in numfashinsa ya fara sarƙewa, gida yake komawa ya kwanta. A ce sanyi ne ya kama shi, ko asma, ko tsufa. Babu wanda zai rubuta cewa sana'arsa ce ta kayar da shi, iyalinsa kuma su shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Batun magungunan ƙwari ya fi gaggawa. Piya-piya, wanda sinadarin dikulobos ne, ana sayar da shi a kwalaben da ba su da ko rubutu, wani lokaci kusa da kayan abinci. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da makamantansa a kasuwanni. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhunan wake kuwa, da ta haɗu da laima sai ta saki iskar fosfin, wadda ke iya kashe mutum a rufaffen ɗaki, kuma takunkumin ƙura ba ya tare ta. Nijar tana cikin ƙungiyar CILSS, wadda ke da kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwarin da aka yarda a sayar. Duk da haka, ƙungiyar RECA ta manoman Nijar ta sha nuna cewa magunguna da dama da ke yawo a kasuwanni ba su cikin jerin waɗanda aka amince da su.

Doka ba ta yi shiru ba. Kundin dokokin ƙwadago na Nijar na 2012 ya ɗora wa mai ba da aiki alhakin kare lafiyar ma'aikatansa, kuma ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiya da kariya a wurin aiki. Sai dai mafi yawan masu shaƙar ƙurar ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da rajista da asusun CNSS, kuma jami'in duba ayyuka ba ya isa rumfarsu. Yaran gareji ne da na shagon kafinta, waɗanda iyaye suka damƙa wa maigida amana don su koyi sana'a.

Masu sana'a suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Takunkumi na ƙwarai yana da tsada, gwangwanin canji ba ya samuwa a ko'ina, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi. Akwai kuma gemu, wanda ke hana robar manne wa fuska sosai, abin da ke rage kariyar. Duk waɗannan gaskiya ne. Shi ya sa masana ke cewa takunkumi shi ne matakin ƙarshe. A fara da rage ƙurar tun daga tushe: a zuba ruwa yayin yankan tayil da dutse, a yayyafa ruwa kafin shara, a yi fenti da walda inda iska ke kaɗawa, a raba wurin aiki da wurin cin abinci. Mai ajiyar wake kuma yana da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwadawa da yaɗawa, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da ko ɗigon magani ba.

Gyaran zai fi sauƙi idan aka fara daga kasuwa, tunda ta nan kayan ke bi. Hukumar kwastan da ma'aikatar kasuwanci su tabbatar duk takunkumin aikin da ke shigowa ƙasar yana ɗauke da shaidar gwaji ta gaskiya, gwamnati kuma ta sassauta harajinsa domin talaka ya iya saye. Hukumar kare tsirrai ta ma'aikatar noma ta daina barin kowa ya sayar da guba yadda ya ga dama: wanda zai sayar da maganin feshi ya samu izini da horo, kuma a tilasta masa ajiye takunkumi da safar hannu da suka dace a rumfarsa. Kamfanin SOCOGEM mai kula da Babbar Kasuwa, tare da shugabannin 'yan kasuwa, za su iya kafa alluna masu hotuna a ƙofofi, su kuma yi amfani da lasifika da Hausa da Zabarmanci suna bayyana wane takunkumi ne na wane aiki. Gidajen rediyo da malamai masu wa'azi su ma suna da rawar takawa, domin kare rai yana cikin manyan manufofin addini.

Nauyi mafi girma yana kan iyayen gidan sana'a. Wanda ya iya sayen injin yanka da janareta, ba zai ce takunkumin yaransa ya fi ƙarfinsa ba. Ƙungiyoyin kafintoci da na masu walda da na masu gyaran mota za su iya haɗa kuɗi su sayo da yawa a farashin sari, su kuma sanya shi cikin sharuɗɗan karɓar yaro koyon aiki. Likitoci a nasu ɓangaren su riƙa tambayar duk mai tari da ya daɗe irin sana'ar da yake yi, domin a fara sanin girman matsalar.

Rigakafi ya fi magani, musamman ga cutar da ba ta da magani. Yaron da aka kai shago yana ɗan shekara goma sha biyar ya cancanci ya kai shekara sittin yana numfashi lafiya, kuma hakan ya rataya ne a kan abin da hukumomi da 'yan kasuwa da iyayen gida za su yi tun daga hunturun bana.