Ladan Kuturu: Wa Mai Auna Aikin Raya Jama'a Yake Yi Wa Aiki?

'Yan'uwana ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, akwai wata sana'a da ta shigo mana gida ba sallama, ta zauna har ta miƙe ƙafa, alhali kuwa ba mu taɓa zama mun duba halinta ba. Ina nufin sana'ar masu bincike da bin diddigin ayyukan raya jama'a, watau ƙwararrun nan da ake ba kwangila su je su auna ko rijiyar da aka haƙa, da ɗakin shan maganin da aka gina, da jarin da aka raba wa mata, sun yi amfani ko ba su yi ba. Da wuya ka sami ɗalibin tattalin arziki ko nazarin zaman jama'a da bai taɓa yi musu ƙwadago a lokacin hutu ba.

Ni ma na yi. Wani kamfani ya ɗauke mu, ya koyar da mu kwana uku a otal, ya ba kowa waya cike da tambayoyi, aka ƙayyade mana gidajen da za mu zaga kowace rana. Damina ce, magidanta duk suna gona. Da la'asar na tarar da abokin aikina a gindin tsamiya yana amsa tambayoyi da bakin mutanen da bai taɓa gani ba, kuma ban tona shi ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai dabam ne. Wata tsohuwa ta gaya mini famfon unguwarsu ya mutu tun watanni kaɗan bayan bikin buɗe shi. Tambayar da ke cikin wayata ita ce ko akwai famfo a unguwar. Akwai kuwa. Na danna "e", na yi mata sallama, babu gurbin da zan zuba maganarta.

To, laifin bai tsaya kan ɗan gindin tsamiya ba. Mu duba inda kuɗi suke fitowa. Ƙungiyar da ta yi aikin, ita ce take rubuta tambayoyin da za a yi a kansa, ita take zaɓen wanda zai auna ta, ita take karanta rahoton kafin kowa, kuma sau da yawa ba ta sakin cikon kuɗin kwangila sai ta amince da abin da aka rubuta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙwararren da ya rubuta cewa aiki ya lalace ya san baɗi ba za a neme shi ba. Don haka sai ya koyi wani irin harshe mai santsi, wanda a cikinsa ba a faɗuwa, sai dai a "gamu da ƙalubale" a kuma "koyi darasi".

Kada wani ya ɗauka wannan wasan takarda ne kawai. A tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, bayan ƙwararru sun yi nazari sun lissafa amfanin noman rani da za a samu. Abin da lissafin bai ba muhimmanci ba shi ne manoman fadama da ke ƙasan madatsar, waɗanda shinkafarsu da kamun kifinsu suka dogara ga ambaliyar kowace shekara. Da aka tare ruwa, fadama ta ƙanƙance, kamar yadda binciken William Adams ya nuna daga baya. Su kuwa waɗanda aka karɓe wa gonaki, da suka tashi neman diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka da yawa. Mutumin da ba a ƙidaya shi a takarda ba, ba a tanadar masa komai a kasafi.

Na kusa-kusa kuma, ga shirin Ƙauyukan Ƙarni, wanda Pampaida ta jihar Kaduna tana cikinsa. A 2012 masu gudanar da shirin suka buga a mujallar likitoci ta Lancet cewa mace-macen ƙananan yara na raguwa a ƙauyukansu da sauri fiye da sauran sassan ƙasashen. Masu bincike na waje suka sake lissafin suka gano kuskure, dole aka janye wannan iƙirari. Ba na ce an yi nufin ƙarya ba. Mai ɗa ne aka ba ya faɗi ko ɗansa kyakkyawa ne.

Amma kuma na san za a ce mini, to sai a bar binciken ke nan? A'a. Ga misali a ƙofar gidanmu. A 1966 zuwa 1967, David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka zaunar da masu ɗaukar bayani a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau, suna bin magidanta shekara guda cur, suna rubuta abin da aka shuka, da aikin da aka yi, da abin da aka girbe. A wancan zamani malaman gona suna ta jan kunnen manomi ya daina cuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai wannan noman jahilci ne. Da aka tara alƙaluma, sai ga shi manomi ne da gaskiya: cuɗawar ta fi ba shi riba a kan eka, ta kuma fi tsare shi daga asara in damina ta yi gardama. Binciken ya ƙaryata hukumar da ta ɗauki nauyinsa, kuma aka buga shi. Bambancinsa da aikin da na yi da waya shi ne lokaci, da kuma 'yancin faɗin abin da aka gani.

Dalilin da ya sa nake ta da maganar yanzu shi ne, a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage kuɗin agaji. Nauyin ayyukan nan yana dawowa kan ma'aikatun jihohi, watau kan teburin wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla. Ku ne za ku rubuta sharuɗɗan kwangila. Ina roƙonku, kada ofishin da ya yi aiki ya zama shi ne mai biyan wanda zai auna shi. A ɗora wannan a kan wani ofishi dabam, ko a kan jami'o'inmu, da sharaɗin za a buga sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba. A bar gurbi a kowace takardar tambayoyi don maganar da mai amsa ya kawo da kansa. Sa'an nan, kafin a ɗaure rahoto a aika Abuja, a koma ƙauyen da aka yi binciken, a tara jama'a a ƙofar dagaci, a aika wa mata cikin gida, a karanta musu da Hausa abin da aka rubuta da sunansu.

Kuɗin wannan komawa bai kai na kwana ukun da muka yi a otal ba. Da an yi ta a garin da na je, da tsohuwar nan ta ji an ce unguwarsu tana da ruwan famfo, ta tashi ta gyara wa ƙwararru rahotonsu.